Kwamfuta ta yi nauyi, intanet na tsinkewa: yadda za a gane inda ciwon yake a Gaya da kewaye

Jama'a masu saurare, na cikin garin Gaya da na karkara, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Yamai, Kwatano, Legas, Akara ko Turai, wannan bayani ne a kan kwamfutar cinya, wadda wasu ke ce ma ordinater, wasu kuma laftof, idan ta fara nauyi kuma intanet ya ƙi zama.

Abin ba na wasa ba ne. Ɗalibi mai cike takardun shiga jami'a, ma'aikacin asibitin karkara mai tura rahoton wata, mai aikin takardun kaya a bakin duwan, malamin lakwal mai neman darasi, kowannensu yana da ranar da in ta wuce ta wuce. Abin da aka saba yi shi ne a ruga wurin mai gyara a ce a formate ta. Kuɗi su tafi, hotuna da takardun shekaru su tafi, a dawo gida a tarar matsalar tana nan, domin tun farko ba a cikin kwamfutar take ba.

Ciwon yakan kasance a ɗaya daga wuri uku: rezo na kamfanin waya, ko haɗin da ke tsakanin waya da kwamfuta, ko ita kanta kwamfutar. Kowanne da maganinsa. Don haka aikin farko shi ne a gane wanne ne.

Gwaji uku, ba su kai minti goma ba

Na ɗaya: ku kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar gaba ɗaya, sannan ku buɗe wata takarda ko hoto ko bidiyo da ke cikinta. In ta buɗe da sauri, kwamfutar lafiya take, a nemi laifin a waje. In ta yi ta jan ƙafa alhali babu intanet, to ciwon a jikinta yake.

Na biyu: ku ɗauki wayar da kuke raba intanet da ita, ku buɗe shafin da ya ƙi buɗewa a kwamfuta. In ita ma wayar ta kasa, matsalar ta rezo ce, ko kuwa forfe ya ƙare.

Na uku: ku haɗa kwamfutar da wayar wani mai layin wani kamfani daban. In ta yi gudu, an gane layinku ne ko wayarku. In a nan ma ta ƙi, alhali wayar mai ita tana aiki sumul, a duba Wi-Fi ɗin kwamfutar.

Kafin duk wannan, a sake kunna waya da kwamfuta. A zaɓi “Redémarrer”, wato sake kunnawa, domin rufe murfi kawai barci ne take yi, ba ta huta ba.

Idan rezo ne

Ku dubi harafin da ke kusa da sandunan rezo a saman waya. In kun ga 4G ko LTE, hanyar tana da faɗi. H, H+ ko 3G matsakaiciya ce. In kuwa E ko G ne, saƙon WhatsApp zai iya lallaɓawa ya wuce, amma kwamfuta ba za ta yi aikin kirki ba, ko sabuwa ce dal. Kuma cikar sanduna ba ta nufin akwai gudu. Sanduna suna nuna ƙarfin isowar rezo daga eriya ne kawai, ba su faɗin yawan mutanen da ke rububin eriyar a lokacin. Shi ya sa tsakanin magariba da wajen ƙarfe goma na dare, ko ranar kasuwa, abu yakan yi nauyi, da asuba kuma ya saki. Mai babban aiki, kamar tura takardu masu nauyi, ya yi shi bayan sallar asuba.

Rufin kwano da katanga mai kauri suna rage ƙarfin rezo. A ɗora wayar a bakin taga ko wuri mai tudu, ta fuskar da eriya take, a inuwa. A ƙauyukan Tanda, Tunuga, Bana, Bengu da Yelu kowa ya san wurin da waya ta fi kamawa a garinsu. To nan ne wurin aikin kwamfuta ma.

A lura da lissafi guda. Kamfanoni suna auna gudu da megabit, girman takarda kuma da megabait ake auna shi, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Ke nan in gudun ya kai megabit 2 a daƙiƙa, abu mai nauyin giga 1 zai ci sama da awa ɗaya kafin ya sauka. Wannan ba lalacewa ba ce, iyakar hanyar ke nan.

Matsalar bakin iyaka

Wannan ta mutanen Gaya ce musamman. Malanbil tana ƙetaren kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana nan kusa. Ko lokacin da aka rufe gada a 2023, rezo bai san an rufe ba. Waya da aka bari ta zaɓi rezo da kanta takan saki eriyar Nijar ta kama ta Benin ko ta Najeriya in ta fi ƙarfi a wurin. Da hakan ta faru, layin ya zama baƙo a wata ƙasa. Forfe da aka saya a nan galibi ba ya aiki a can, sai intanet ya tsaya cik, ko kuma ya riƙa cin kuɗin da ke cikin layi da farashin ƙetare.

Abin da ke ƙara rikitar da mutane shi ne suna. A Nijar akwai Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom. To amma akwai Airtel a Najeriya, akwai Moov Africa a Benin. Sunan ɗaya, rezon daban. Ku duba ko ƙaramin harafin R ya fito kusa da sanduna, ko an turo saƙon maraba da zuwa wata ƙasa alhali kuna zaune a ɗakinku.

Maganin: a shiga saitin waya, wajen rezo, a cire zaɓi na kai tsaye, a zaɓi kamfanin layin na Nijar da hannu. A kuma kashe abin da ake kira “Itinérance des données”, wato amfani da data a ƙasar waje. Ranar da za a yi tafiya sai a mayar da shi yadda yake. Masu waya mai layi biyu, ɗaya na nan ɗaya na ƙetare, su tabbatar wane layi ne aka ba aikin data.

Lokacin da laifin ba na kowa ba ne a nan

Nijar ba ta da teku, manyan wayoyin intanet na duniya kuwa a ƙarƙashin teku suke. Sai an bi ta ƙasashen maƙwabta ake isa gare su, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce wayar fiba da ta biyo ta Doso da Gaya ta ƙetara Benin har Kwatano. In ta tsinke a wani wuri, ko na teku suka tsinke, kowa zai ji a jikinsa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, ACE, SAT-3 da MainOne, sun samu matsala a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, kuma gyaran ya ɗauki makonni. A irin wannan rana, wanda ya kai kwamfutarsa gyara asarar kuɗi kawai ya yi.

Haka batun kuran. Wutar Gaya ta hanyar Kamba take shigowa daga Najeriya, kuma jama'a ba su manta da yankewar da aka yi a watan Agustan 2023 ba. Eriyoyin waya suna da batir ko gurup ko fanon rana, amma in ɗaukewar ta daɗe wasu sukan yi rauni. Alamar a bayyane take: ku tambayi maƙwabta biyu ko uku. In kowa na kuka, sai haƙuri. In kuwa ku kaɗai ne kwana da kwanaki, ku kira kamfanin layinku. Hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa a Nijar ita ce ARCEP.

Idan haɗin waya da kwamfuta ne

Mafi yawan mutane a nan da wayarsu suke ba kwamfuta intanet, abin da ake kira “Partage de connexion”. Ga abubuwan da suka fi kawo cikas.

Kwamfuta ba ta ganin sunan wayar. A duba ko an danna yanayin jirgin sama bisa kuskure, ko maɓallin Wi-Fi da ke jerin sama na madannai. In sauran sunaye suna fitowa sai na wayarku, to wataƙila wayar tana watsawa a zangon 5 GHz ne, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji. A canza shi a saitin rabawa na waya.

Tana cewa lambar sirri ba daidai ba. Sau da yawa madannai ne. Kwamfutar da ta zo daga Faransa jerinta AZERTY ne, wadda ta zo daga Najeriya, Ingila ko Amurka QWERTY ne. In rubutun jikin madannai daban, saitin ciki daban, za ku danna A ta rubuta Q, ku danna W ta rubuta Z. A tsarin Faransa ma lambobin jerin sama ba su fitowa sai an riƙe Shift. A danna alamar ido a ga abin da ake rubutawa.

Ta haɗu, amma shafuka suna cewa haɗin ba amintacce ba ne. Ku dubi kwanan wata a kusurwar ƙasa. Kwamfutocin gwanjo suna da wani ɗan batir a ciki mai kama da kwabo, shi ke riƙe agogo. In ya mutu, kwamfutar takan koma wata tsohuwar shekara, shafuka kuma su ƙi ta. A gyara kwanan wata da hannu, daga baya mai gyara ya sa sabon batir. Abu ne mai araha.

Tana haɗuwa tana saki. A sa kwamfutar ta manta da sunan Wi-Fi ɗin, a sake haɗawa. A duba mutum nawa ne suka hau kan wayar, domin lambar sirrin da aka ba yaro ɗaya takan zaga unguwa; a canza ta. In abin ya ci gaba, a haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji, a kunna rabawa ta USB. Wannan hanya ta fi tsayawa, kuma wayar tana shan caji a lokaci guda. Mataki na ƙarshe a Windows shi ne “Réinitialisation du réseau”. Ba ya taɓa takardunku, sai dai zai goge lambobin sirrin Wi-Fi da aka ajiye.

Ɓarayin data na cikin gida

Kwamfuta ba ta san tsadar forfe ba. Da ta ga intanet sai Windows ya fara saukar da sabuntawa, wani lokaci giga da yawa, OneDrive ya fara kwashe hotuna, wasu manhajoji su ma su bi layi. Ku kuna jiran shafi ɗaya ya buɗe, su sun cika hanyar. Shi ya sa forfe da ke kai waya mako guda yakan ƙare cikin awa ɗaya a kwamfuta.

A shiga saitin Wi-Fi, a danna sunan wayar, a kunna “Connexion limitée”; a kwamfuta mai Ingilishi sunansa “Metered connection”. Daga nan za ta rage ci. Amma kada a hana ta sabuntawa har abada, domin a ciki ne ake toshe ƙofofin ɓarayi. A ware rana, ko da sau ɗaya a wata, a wurin da ake da intanet mai yawa.

Idan kwamfutar ce da kanta

A danna Ctrl, Shift da Esc tare. Wani allo zai fito, “Gestionnaire des tâches”, mai nuna abu uku: injin lissafi, ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM, da faifan ajiya. Wanda ya tsaya a kusan kashi 100 cikin 100 shi ne mai laifi.

In RAM ne, aiki ya fi ƙarfin wurin. Giga 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema, kuma da an buɗe shafuka goma a Chrome ya cika. A rufe shafukan da ba a amfani da su. A wannan allon akwai sashen “Démarrage”, jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta. A kashe waɗanda ba a buƙata. In da hali a ƙara RAM ya kai giga 8, in kwamfutar tana karɓar ƙari.

In faifan ajiya ne, a tambaya wane iri ne. Tsohon yayi faifai ne mai juyawa, da allura mai karantawa kamar garmaho. Yana da jinkiri, kuma ba ya son jijjiga, balle hanyar ƙauye a bayan babur. Sabon yayi, SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Sauya tsoho da SSD shi ne gyaran da ya fi kowanne canza tsohuwar kwamfuta: wadda ke cin minti uku kafin ta tashi takan koma ƙasa da minti ɗaya. A kuma bar sarari, kada faifan ya cika fam da finafinai. In kun ji yana ƙas-ƙas daga ciki, ku kwashe takardunku a ranar, ya kusa mutuwa.

In injin lissafi ne, ko kuma fanka tana ta kuka kuma gindin kwamfutar ya yi zafi, to zafi ne. A watan Afrilu da Mayu zafin yankinmu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hanyar iska. Idan injin ya yi zafi sosai, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, in abin ya yi yawa ya kashe kansa. Kada a ɗora ta a katifa, matashi ko dardumar gashi. A sa ta a tebur ko allo, a ɗan ɗaga bayanta iska ta shiga. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, mai gyara ya buɗe ya share fanka ya sake man sanyaya injin.

Caja, kuran da damina

Kwamfuta da yawa suna rage gudu in suna kan batir, ko in cajar ba ta kai ƙarfin tasu ba. A gwada ta a jone da cajarta ta asali a ga bambanci. Wutar gurup mai hawa da sauka tana kashe caja, don haka na'urar daidaita wuta ta fi sayen sabuwar caja sau biyu araha. Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. In hadari ya taso da tsawa, a zare caja daga bango. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai haɗari ne, yana iya kamawa da wuta. A daina caji, a kai a cire shi.

Ƙwayar cuta ta kile

Kilen USB da ke yawo tsakanin wurin buga takardu, lakwal da masu tura waƙoƙi shi ne babban mai yaɗa cuta. Alamar da aka fi sani ita ce takardun cikin kile su rikiɗe su zama gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a jiki. Kada a danna su. Windows 10 da 11 suna zuwa da mai gadinsu, Microsoft Defender, kuma ya isa in ana sabunta shi. Ɗora masu gadi biyu ko uku nauyi kawai yake ƙarawa. A guji manhajojin da ke alƙawarin ƙara gudu, da saƙon da ke faɗowa yana cewa kwamfutarku ta kamu, ku danna nan ko ku kira wata lamba. Tarko ne.

A sani kuma, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, kulawar Windows 10 ta yau da kullum kuma ta ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Za su ci gaba da aiki, amma mai harkar kuɗi ko takardun ofis a kansu ya yi hattara.

Kafin a miƙa wa mai gyara

A kwafe takardu da hotuna a wani wuri tukuna. A faɗa masa sakamakon gwaji ukun nan, zai rage masa lalube, ya rage muku kuɗi. A yi ciniki kafin ya buɗe. In ya canza wani abu, a karɓi tsohon, musamman faifan ajiya, domin sirrinku yana ciki. Formatewa ita ce ta ƙarshe, kuma ba ta gyara rezo, ba ta cire ƙura, ba ta mayar da tsohon faifai sabo.

Ga ƴan uwa da ke waje

In za ku aiko da kwamfuta gida, ku nemi mai SSD da RAM giga 8, mai ɗaukar Windows 11, da batir mai rai. Ku haɗo da cajarta ta asali, ku duba an rubuta 100 zuwa 240 V a jikinta, domin wutar Nijar 220 ce, ta Amurka kuwa 120. Bakin caja mai ƙafa uku irin na Ingila da Najeriya yana buƙatar ɗan mahaɗi kafin ya shiga bangon da aka yi wa mai ƙafa biyu zagayayyu. Ku cire lambar sirrinku da asusunku, in kuma ta wurin aiki ce ku tabbatar an sake ta, in ba haka ba za ta iso a kulle. Ku yi mata dukkan sabuntawa a can inda intanet ke da yawa, ku sa mata harshen da mai ita ke karantawa.

Game da kiran bidiyo, in hoto yana daskarewa, ku kashe kyamara ku bar murya, ko ku sa lokaci da safe maimakon dare. Intanet na tauraron ɗan Adam na Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025. Yana iya amfanar makaranta, asibiti ko ƙungiyar da za ta haɗa kuɗi, amma yana son wuta tsayayya, sarari buɗaɗɗe, da biyan kuɗin wata. Kuma shi ma ba zai sa kwamfutar da ƙura ta toshe ta yi gudu ba.

Masu jiran ranar rufe rajista ko tura rahoto, ku gwada kwamfuta da layinku kwana biyu kafin ranar, ku tanadi layin wani kamfani na ko-ta-kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karanta wannan ya bayyana wa wanda bai samu karantawa ba. Allah ya ba da sa'a.